Sifika uku, kiran salla uku: a ina na kuskure?

Abban Sadiq
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku taimaka min, abin nan ya fara ba ni kunya a gida. Ƙanena da ke Ingila ya aiko min da sifikokin Sonos guda uku na hannu, ƙirar Play:1. Filoginsu irin namu ne mai ƙafa uku, ko adafta ban nema ba. Na sa ɗaya a falo, ɗaya a kicin, ɗaya a ɗakin Hajiya mahaifiyata, don kunnenta ya yi nauyi, in aka rufe taga aka kunna fanka ba ta jin ladanin unguwa.

Na ɗauko tsohuwar kwamfutata ta hannu na ɗora a kan kanta, na rubuta ɗan shiri da harshen kwamfuta na Python ina amfani da SoCo, wato kayan aikin Python na sarrafa sifikokin Sonos, in lokacin salla ya yi ya tura musu kiran salla. Yana aiki, amma ba yadda nake so ba. Ta falo za ta ce Allahu Akbar, ta kicin ta biyo ta kamar 'yar amshi, ta ɗakin Hajiya sai an kusa Ashhadu sannan ta farka. In ka tsaya a tsakar gida sai ka rantse masallatai uku ne a jere. Sannan duk ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, shiru kake ji. Ga uwargida kuma tana so ta riƙa ba su umarni da baki, wai hannunta kullum yana cikin miya ko kwaɓi. Shin in sayi Echo, na'urar Amazon mai karɓar umarni da baki, kawai in huta?

Injiniya
Wa alaikumus salam. Kafin ka kashe ko sisi, faɗa min: a shirin naka, kana bin su ne ɗaya bayan ɗaya kana ce wa kowacce ta kunna fayil ɗin?

Abban Sadiq
Haka ne ranka ya daɗe. Jerin lambobin IP guda uku na yi, wato adireshin kowace sifika a Wi-Fi ɗin gida, shirin yana zagayawa kansu.

Injiniya
To ai ka ga matsalar da kanka. Ka aiki yara uku kasuwa, kowa ka ba shi saƙo a lokaci daban, kana mamakin ba su dawo tare ba. Kowace sifika sai ta je ta ɗauko fayil, ta tara ɗan abin da za ta fara da shi, sannan ta buɗe baki, kuma kowacce da nata jinkirin. Kunnen mutum ba ya yafe wannan. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, wato mita ɗaya a cikin kusan kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa. Da tazarar ta kai kashi 50 cikin dubu ka fara jin amsa-kuwwa sarai. Kai kuma naka tazarar ta wuce daƙiƙa guda.

Yadda aka gina su shi ne a yi musu liman. Ɗaya ce ke ɗauko sautin, ta raba wa sauran tare da lokacin da kowane gutsure zai fita, su kuma suna daidaita agogonsu da nata. A SoCo layi biyu ne:

kicin.join(falo)
hajiya.join(falo)

Daga nan falo kaɗai za ka ce wa ta kunna. Kada ka ƙara yi wa sauran magana sai ka gama, ka ce unjoin. In ka tura wa mamu umarnin kunnawa ma, SoCo zai ƙi, ya ce maka wannan ba ita ce shugabar rukunin ba.

A ƙarƙashi ba wani sihiri ba ne. Kowace sifika tana sauraron umarni a ƙofar sadarwa mai lamba 1400, da tsarin UPnP da na'urorin gida ke magana da juna da shi. Abin da join yake yi shi ne ya ce wa ta kicin: daga yanzu abin da za ki kunna shi ne x-rincon: sai lambar ta falo. Buɗe burauza ka rubuta lambar IP ɗin ɗaya, ka ƙara :1400/xml/device_description.xml, za ka ga sunan ɗaki da wannan lambar da ke farawa da RINCON.

Abban Sadiq
Allahu Akbar. Na gwada yanzu da karatu. Na tsaya a ƙofar kicin, kamar bakin mutum ɗaya. Sati biyu ina zargin sifikokin, ashe ni ne.

Malam Na-Zaure
Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri in na kauce. Abban Sadiq, a Kaduna kake ko? Akwai unguwar da ba a jin ladani a Kaduna? Mu nan kafin ka juya kan katifa masallatai huɗu sun kira. Ina amfanin na'ura ta yi kiran salla a cikin gida?

Abban Sadiq
Malam ai na faɗa, don Hajiya ne. Ni ina ji, ita ba ta ji. Sau biyu tana tashi gari ya waye, ranta ya ɓaci har azahar.

Malam Na-Zaure
To wannan hujja ce, Allah ya saka da alheri. Amma sai ka sa a ɗakinta kawai. Abin da nake jin tsoro shi ne lokaci. Da wane lissafi kake fitar da asuba?

Abban Sadiq
Gaskiya wanda na tarar a ciki na bari, ban duba ba.

Malam Na-Zaure
Ka duba. Lissafin Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmin Duniya, yana ɗaukar alfijir lokacin da rana take digiri 18 ƙarƙashin sararin gabas, na Masar 19.5, na Ummul Ƙura 18.5, na Musulmin Amurka ta Arewa 15. A ƙasarmu tsakanin 18 da 19.5 kaɗai minti shida zuwa bakwai ne, tsakanin 15 da 19.5 kuwa ya kusa minti ashirin. A watan Shawwal ba wanda zai kula. A Ramadan, Hajiya tana riƙe da kofin kunu, na'urarka ta kira, masallaci bai kira ba, wa za ta bi? Ko na'urar ta makara, tsohuwa ta ci gaba da sahur alhali alfijir ya keto. Ka zauna da ladaninku ka ga jadawalin da suke bi, ka daidaita naka da nasu. Kuma ka tuna na asuba fayil ɗinsa daban, akwai assalatu khairun minan naum.

Injiniya
Malam ya fi ni gaskiya a nan. Wannan ba a gyara shi da Python.

Ɗan Mancesta
Ni kuma a wurinmu abin ba ƙawa ba ne. Nan ba a kiran salla a lasifikar waje, kuma a bazara asuba tana shiga tun kafin ƙarfe uku, a hunturu sai wajen shida. In ba na'ura ba yara ba za su taɓa jin kiran salla a gida ba. Amma ni shawarata ga Abban Sadiq ya daina wahalar da kansa. Ka sayi Echo Dot ka haɗa da asusun Sonos, madam ta yi magana a yi mata. Shekara nawa ina haka. Wannan rubuce-rubucen na masu lokaci ne.

Injiniya
Yallaɓai, kai intanet ɗinka ta waya ce da ba ta yankewa, kuɗin wata ɗaya ka biya ka manta. Bari in faɗa maka tafiyar da maganar madam za ta yi. Ta ce a kunna karatu a kicin. Echo ta ɗauki muryar ta tura wa kwamfutocin Amazon, can a fassara ta, a miƙa wa kwamfutocin Sonos, su kuma su dawo da umarni ga sifikar da ke nesa da ita da taku biyu. Ranar da data ta ƙare ko sabis ya yi rauni, tana tsaye tana magana da bango. Shirin Abban Sadiq kuwa daga kanta zuwa falo ne, ko babu ko kobo na data zai yi kiran salla, muddin rauta, na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, na kunne.

Kuma kada ya ɗauka Echo ɗin za ta shiga sahun. Alexa, mataimakiyar muryar da ke cikin Echo, tana haɗa sifikokin Echo su yi sauti tare tun 2017, Sonos na haɗa nata, amma ba a cusa su rukuni ɗaya su tafi daidai. Kunne kawai za ta zama.

Ɗan Mancesta
Na yarda da maganar data. Amma ranar da kwamfutarsa ta lalace fa, ko ya yi tafiya? Wa zai buɗe Python a gidan, Hajiya? Nawa in ya tsaya, ɗana ɗan shekara tara yana gyarawa.

Injiniya
Wannan ka kama ni. Shi ya sa zan ce ya koma Home Assistant, manhajar sarrafa na'urorin gida, daga baya, akwai fuska da maɓallai da kowa zai iya dannawa a waya. Amma dalilina bai tsaya kan data ba. Abin da ke hannun kamfani, kamfani na iya ɗaukewa. A Janairun 2022 hukumar kasuwancin ƙasa da ƙasa ta Amurka ta yanke cewa Google ya taka haƙƙin ƙirƙira guda biyar na Sonos. Me ya biyo baya? Masu sifikokin Google suka wayi gari ba sa iya rage ƙarar rukuni gaba ɗaya, sai dai ɗaya bayan ɗaya. Ba su yi laifin komai ba, manya ne ke faɗa a kotu. Sonos ɗin ma a Mayun 2024 ta fitar da sabuwar manhaja da ta zo babu abubuwa da dama da mutane suka saba da su, har da saita ƙararrawar farkawa, aka yi ta kuka, shugaban kamfanin Patrick Spence ya ba da haƙuri a fili, ya sauka a Janairun 2025. A duk wannan rikicin, umarnin ƙofa 1400 bai daina aiki ba.

Ɗan Mancesta
Ita ma ƙofar taka ai ba gadon babanka ba ce. Ranar da suka ga dama su rufe.

Injiniya
Haka ne, ban musa ba. Wanda ke son abin da ba mai rufe masa sai ya haɗa nasa da 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi da manhajar Snapcast mai raba sauti ɗaki-ɗaki. Amma mutum yana da sifika uku a hannu, kyauta.

Maman Ilham
Salamu alaikum. Ina ta karantawa, maza kuna ta lissafin ƙofofi, ba wanda ya tambayi matar gidan abin da take so. Ni an sa min irin wannan mai sauraren a kicin, ba zan faɗi ta wane kamfani ba. Da farko dai Hausa ba ta ji. Sai na juya harshe na yi Turanci, Turancin ma sai irin nasu. Maigida ya sa wa ɗakuna suna Falo, Tsakar Gida, Ɗakin Baƙi. In na ce Falo sai ta ce ba ta san wannan ba. Ga injin markaɗe na ƙara, ga yara na kuka, ni kuma ina ta ihu da na'ura kamar mahaukaciya. Ranar da ƙanwar mijina ta shigo ta same ni ina maimaita kalma ɗaya sau biyar, dariya ta yi har da zama a ƙasa. Ƙarshe sai da aka canza sunayen ɗakunan gidana zuwa Turanci don na'ura ta gane. Abin ya tsaya min a rai.

Na biyu, Abban Sadiq, in akwai jariri a gidan kada ka sa asuba a duk ɗakuna da ƙara ɗaya. Wadda ta kwana tana jijjiga yaro ita ta san zafin.

Abban Sadiq
Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Sadiq wata bakwai gare shi, kuma ɗakinmu jikin falo yake. An riga an yi min magana, ba da murya mai daɗi ba.

Injiniya
Wannan mai sauƙi ne. Bayan ka haɗa su, ka saita ƙarar kowacce daban: hajiya.volume = 45, falo.volume = 10, ko dai abin da ya dace da gidanka. Ko da asuba ma kada ka haɗa rukunin sam, ɗakin Hajiya kaɗai. Kuma kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoton halin da suke ciki da Snapshot na SoCo, in kiran ya ƙare ka mayar. In ba haka ba madam na jin rediyo a kicin, azahar ta yi, a gama, rediyonta ya tafi ke nan.

Ɗan Maraɗi
Maganar Maman Ilham ita ce tawa. Mu nan Nijar da Faransanci muke lallaɓawa. Alexa na jin Faransanci, ta samu Larabcin ƙasashen Gulf a ƙarshen 2021, Hindi ma tana ji. Hausa da ake yi daga Agadas har Kumasi babu. Sonos ma tana da nata mataimakin murya tun 2022, wanda ke fassara magana a cikin sifikar ba tare da tura ta waje ba, amma Turanci da Faransanci ya fara da su, kuma sai sifika mai makirfo. Play:1 ba ta da shi.

Ɗalibi
Gaisuwa ga manya. Ba a rufe ƙofar Hausa gaba ɗaya ba. Google ya sa Hausa a binciken murya da rubutu da baki na Gboard a 2024. Whisper na OpenAI, mai mayar da magana rubutu, wanda ake iya saukewa a sa a kwamfutar gida, akwai Hausa a jerin harsunansa, kuma Home Assistant na iya aiki da shi ba tare da intanet ba. Sai dai ƙaramin samfurin da tsohuwar kwamfuta za ta iya ɗauka bai kai babban ƙarfi ba, harshen da aka ba shi kaɗan a horo kuwa shi ke fara shan wahala. Dabarar ita ce kada ka nemi ya fahimci duk abin da za a faɗa. Jimla biyar ko shida kawai gida ke buƙata: kunna karatu, kashe, ƙara, rage, haɗa duka. Kuma mai son a gyara abin daga tushe ya shiga Common Voice na Mozilla, inda ake tara muryoyin jama'a don koyar da na'ura, ya karanta jimlolin Hausa, musamman mata, don muryar da na'ura ba ta taɓa ji ba ba za ta gane ta ba.

Malam Na-Zaure
Kafin ku cika gida da makirfo, a tsaya. Ɗakin kwana fa? A 2019 aka bayyana cewa akwai ma'aikatan Amazon da ke sauraren wasu daga cikin muryoyin da Alexa ta ɗauka don gyara fahimtarta, Google da Apple ma aka samu suna yin irin haka. A 2023 Amazon ta amince ta biya dala miliyan 25 a Amurka kan riƙe muryoyin yara. Mu da aka hana mu leƙen gidan maƙwabci, sai mu sayo mai saurare da kuɗinmu mu ajiye kusa da gado?

Ɗan Mancesta
Malam, wayar da ke ƙarƙashin matashinka ma makirfo gare ta. Kuma Echo tana da maɓallin kashe kunne, ja yake nunawa.

Malam Na-Zaure
In za ka kashe mata kunne, me ka saya ke nan? Wani abu kuma, tunda ana maganar karatu a duk ɗakuna: aya ta 204 a Suratul A'araf ta ce in ana karanta Alƙur'ani a saurara a yi shiru. Kada a mai da shi kiɗan bango, ana hira ana kallon ƙwallo yana tashi a ɗaki uku.

Maman Ilham
Wannan kam gaskiya ne Malam. Shi ya sa matar gida za ta fi son na kicin kaɗai.

Abban Sadiq
Na dawo da maganar wuta. Na bi abin da Injiniya ya turo min ta gefe, na shiga rauta na ɗaure wa kowace sifika lambar IP ɗinta don kada ta canza. Jiya aka ɗauke wuta da la'asar, aka kawo kafin magariba. Magariba ta yi, shiru. Na duba, sifikokin na nan a lambobinsu, shirin bai nuna kuskure a haɗa su ba. Kaina ya ɗaure.

Injiniya
Wataƙila sun riga rauta tashi ba su samu Wi-Fi ba. Ko kuma kwamfutar ta koma layin Wi-Fi na baƙi. Yawancin rauta suna hana na'urorin layin baƙi ganin juna, kuma saƙon neman juna da ake watsawa ta 239.255.255.250 ba ya tsallakawa.

Abban Sadiq
Layi ɗaya gare ni, kuma manhajar waya tana ganinsu duka.

Ɗalibi
Yaya, fayil ɗin kiran sallar a ina yake zaune?

Abban Sadiq
A kwamfutar. Ina kunna python -m http.server, sai in ba sifika adireshin.

Ɗalibi
To adireshin da ka rubuta a shirin, lambar kwamfutar ce ta ranar da ka rubuta shi. Ba kai ke tura wa sifika sautin ba, kwatance kawai kake ba ta, ita ke zuwa ƙofa 8000 ta ɗauka. Ka ɗaure sifikoki ka bar kwamfutar a sake. Wuta ta dawo, rauta ta ba ta sabuwar lamba, sifika ta je tsohon gida ta tarar an tashi.

Abban Sadiq
Innalillahi. Na duba. Da tana ƙarewa da 104, yanzu 101 ce. Yaro, Allah ya yi maka albarka.

Injiniya
Ɗalibi ya kayar da ni a gaban jama'a, na karɓa. Ka ɗaure ta ita ma. Ka kuma hana kwamfutar barci in an rufe murfinta, ka sa shirin ya tashi da kansa in ta kunnu. Rauta kuma ka saya mata ƙaramin batir ɗin nan mai bolt 12, ko ka ɗora ta kan inbata, don ita ce ke daɗewa kafin ta dawo hayyacinta.

Gargaɗi ɗaya: kada sha'awar sarrafa su daga ofis ta sa ka buɗe ƙofa 1400 ga intanet. Ba ta tambayar kalmar sirri. A ƙarshen 2017 masu bincike na Trend Micro sun nuna cewa sifikokin Sonos da Bose da aka bari a buɗe haka, baƙo daga ko'ina na iya sa su kunna abin da ya ga dama. Ka yi tunanin wannan a ɗakin Hajiya ƙarfe biyun dare.

Maman Ilham
Sai a kira masu ruƙiyya.

Ɗan Mancesta
To yanzu maganar madam fa? Har yanzu ba ku ba ta amsa ba. Echo ko babu?

Injiniya
Akwai abin da na manta. A saman Play:1 akwai maɓallin kunnawa. In ta danna sau ɗaya, abin da aka ji na ƙarshe zai ci gaba. In ta danna ta riƙe, sifikar za ta shiga rukunin ɗakin da ke kunne. Maɓallin ƙara kuma na wannan sifikar kaɗai yake taɓawa. Abban Sadiq ya sa shirin ya loda mata karatun a ta kicin tun safe ya bar shi a tsaye.

Abban Sadiq
Bayan kwana huɗu, ga rahoto. An ɗauke wuta sau uku, kira bai tsallake ba ko ɗaya. Na je wurin ladan kamar yadda Malam ya ce, na mayar da lissafin kan nasu. Asuba ɗakin Hajiya kaɗai, sauran huɗun duk gida. Echo ban saya ba tukuna. Uwargida ta gwada maɓallin, da guiwar hannu take dannawa in hannunta da mai, ta ce a bar mata haka, ba ta son abin da zai sa ta yi Turanci a kicinta.

Sai dai sabuwa ta ɓullo. Hajiya ta gano maɓallin ita ma. Da an fara kiran azahar, in ta riga ta yi alwala, sai ta danna nata, duk gidan ya yi tsit a tsakiyar Hayya alas salah. Injiniya, akwai yadda za a yi nata ya tsaya ba tare da ya kashe na kowa ba?

Injiniya
A cikin rukuni, duk wanda ya danna tsayawa ya tsayar wa kowa. Ka nuna mata na rage ƙara.

Abban Sadiq
Na nuna mata. Ta ce wancan ya fi sauri.